Sauya Akwatin Wutar Commodore 64: Tambayoyi da Amsoshi

Commodore 64, kwamfutar gida ta kamfanin Commodore, ta shiga kasuwa a Amurka a watan Agustan 1982 a kan dala 595, aka yi ta ƙera ta har kamfanin ya durƙushe a 1994. Miliyoyi aka sayar, shi ya sa har gobe take ɓullowa: a cikin kwali a ƙuryar sito, a kayan gwanjon da ake saukewa daga Turai, ko a ɗakin wani dattijo da ya dawo da ita daga karatu a Ingila. Da yawa daga cikin waɗanda suka kawo yau da ransu za su iya ƙara shekaru suna aiki. Abin da ya fi gamawa da su shi ne akwatin wutar da aka sayar da su tare, baƙi ko ruwan ƙasa, mai nauyi kamar bulo. A kansa waɗannan tambayoyi suke.

Na samu Commodore 64 tare da akwatin wutarta na asali. In jona in ga ko tana aiki?

Kada ka jona. Ko na minti ɗaya. Na san zumuɗin da mutum yake ji idan irin wannan kaya ya shigo hannunsa, amma wannan gwajin na farko shi ya fi kowane haɗari. Kwamfutar da ta kwana shekara talatin a kwali lafiya lau tana iya mutuwa kafin ka gama gyara zama. Ajiye akwatin gefe, ka nemi sabo, sannan ka gwada ta.

To me ke cikin akwatin da har ake jin tsoronsa haka?

Wuta iri biyu yake bayarwa. Akwai bolt 9 na AC, wanda ke fitowa kai tsaye daga taransifoma, ba ruwansa da wata dabara, kuma ba kasafai yake ba da matsala ba. Akwai kuma bolt 5 na DC, wanda shi ne abincin kusan duk IC, wato ƙananan ƙwayoyin lantarkin da ke kan fanel ɗin kwamfutar. Fitinar tana wajen na biyun.

Don a samu bolt 5, taransifoma tana sauke wutar gida, diyod su miƙar da ita ta koma DC, babban kafasita ya daidaita ta, sannan ta shiga regileta irin su 7805. Abin da ke shiga regileta ya fi 5 sosai, shi kuma aikinsa ya rage ya fitar da 5 cif. Rarar ba ta ɓacewa a iska, zafi take komawa. A ce bolt 10 ke shiga, kwamfuta tana jan amfiya ɗaya: wat 5 ke nan na zafi a jikin ɗan ƙaramin abu, muddin kwamfutar tana kunne.

Kamfanin kuma ya ɗauki duk waɗannan kaya ya zuba musu gam mai daskarewa, ya cika akwatin taf. Yawancin akwatunan haka suke. Ba iska, ba hanyar da zafi zai fita da sauri. Shekara da shekaru ana kunnawa ya yi zafi, a kashe ya huce, har kafasita ya bushe, dalmar da ke ƙafafun regileta ta tsage, ko regiletan kansa ya gaji.

Da a ce idan ya lalace shiru kawai yake yi, da babu mai damuwa, sai a sayi wani. Amma yakan lalace ta mummunar hanya: ya daina ragewa, ya saki wutar da ke shigarsa ta wuce zuwa kwamfuta. IC ɗin da aka yi don bolt 5 su tsinci kansu a 6, 7 ko fiye. Ƙwayoyin RAM ne kan fara tafiya. A tsofaffin fanel guda takwas ne masu lamba 4164, kuma bolt 7 ne iyakar abin da masana'anta suka ce za su iya jurewa. Daga su sai wasu IC ɗin da ake kira PLA da CIA da ROM, wani lokaci har SID, IC ɗin sauti da Bob Yannes ya tsara, wanda saboda muryarsa mutane da yawa suke neman kwamfutar tun farko. An daina ƙera shi tuntuni. Duk wanda ya ƙone, an rage ɗaya a duniya.

Ba za a buɗe a gyara ba? Akwai mai gyaran rediyo a unguwarmu da hannunsa ke da kyau.

Idan irin mai sukurori ne, wanda ba a cika da gam ba, ana iya buɗewa a sauya regileta da kafasita. Akwai irinsu, amma ba su ne suka fi yawa ba. Mai gam kuwa sai da guduma da kurfi, kuma kafin a kai ga regileta an farfasa abin da ake son cetowa. Wahalar ta fi ribar.

Nawa na auna ya ba ni bolt 5.1. Ai lafiyarsa ƙalau ke nan?

Ya nuna lafiyarsa ƙalau a lokacin da ka auna, yana sanyi, ba abin da ke jan wuta daga gare shi. Ba a haka yake nuna halinsa ba. Sai ya ɗauki kaya, ya yi awa guda yana aiki, cikinsa ya gasu, sannan lambar take fara hawa. Wani a hankali yake hawa cikin watanni, daga 5.1 zuwa 5.2 zuwa 5.4. Wani kuwa rana ɗaya yake tsalle ba gargaɗi.

Ga kuma yanayinmu. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, a watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a inuwa. Akwatin da ke ɗumama a ɗakin Jamus, a nan gasuwa yake yi.

Yaya ake aunawa yadda ya kamata, ko da sabon ne?

Sabo ma a auna shi kafin ya taɓa kwamfuta. Ana samun wanda aka haɗa wayoyinsa a juye.

Filogin zagayayye ne na DIN mai fil bakwai, ko da yake wasu ba a sa musu duka bakwan ba. A tsarin Commodore fil na 6 da na 7 su ne bolt 9 na AC, na 5 shi ne bolt 5, na 2 kuma giraun. Sai dai lambobin DIN ba a jere suke zagayawa ba, kuma zanen da ka gani yana iya zama daga fuskar filogi ko daga bayan soket, abin da ke dama a wannan yana hagu a wancan. Saboda haka kada ka dogara da ƙirga fil kaɗai. Riƙe filogin tsagar tana sama. Fil biyun da ke kusa da tsagar su ne na AC, na can ƙasa a tsakiya shi ne giraun. Sa mita a AC ka taɓa na saman biyu: za ka ga kamar 10 ko 11 idan ba kaya, wannan daidai ne, taransifoma haka take kafin a ɗora mata nauyi. Sannan ka mai da mita DC, baƙin tsinke a giraun, jan tsinke a fil ɗin bolt 5.

Wurin matsattse ne. Tsinken mita yana zamewa ya haɗa fil biyu, sai tartsatsi. Naɗe tsinken da salatif ka bar ɗan bakinsa kawai, ko ka sayi soket ɗin DIN na mace, ka liƙa masa wayoyi da dalma, ka riƙa aunawa daga can.

Don ka ga halinsa a ƙarƙashin kaya, nemi rezisto mai om 4.7 da wat 10, farin nan mai kusurwa huɗu. Haɗa shi tsakanin bolt 5 da giraun. Zai ja amfiya ɗaya da ɗan ɗori, kusan abin da kwamfutar ke ja. Zai yi zafin da ba za ka iya riƙe shi ba, don haka ɗora shi a kan tayil, ba kan tabarma ko teburin roba ba. Bar shi rabin awa ko awa kana leƙa mita. Abin da ake so shi ne tsakanin 4.9 da 5.2, ya tsaya cak. Iyakar da IC ɗin suka yarda da ita 4.75 ce zuwa 5.25. Wanda ya taɓa 5.3 ya gama aiki.

Cajar waya ma ai bolt 5 take bayarwa. Me zai hana in yi amfani da ita?

Rabin aikin kaɗai za ta yi. Mutane da yawa suna ɗauka bolt 9 ɗin nan na AC ƙari ne kawai, alhali ayyuka da dama suna rataye a wuyansa.

A tsofaffin fanel, irin su mai lamba 250407 da 250425, kwamfutar tana ɗaukar wannan AC ta ninka shi, ta fitar da bolt 12 don SID 6581 da IC ɗin hoto, VIC-II. Daga wannan AC kuma take samar da wani bolt 5 na daban don sashen hoto da agogon da ke tafiyar da komai. Idan babu shi, jar fitilar kan kwamfuta za ta kama, amma talabijin ba za ta nuna komai ba. A gajeren fanel na baya, mai lamba 250469 da ke cikin yawancin C64C, samfurin Commodore 64 na baya, kwamfutar tana tashi ba tare da shi ba, sai dai ba sauti, domin SID 8580 bolt 9 yake so kuma daga nan yake samu. Motar na'urar kaset ma daga nan take ci.

Akwai kuma wani aiki da ba a cika lura da shi ba. IC biyu masu lamba 6526, wato CIA, suna da agogon sa'a da minti a cikinsu, kuma da bugun wutar AC suke ƙirga lokaci, sau 50 ko 60 a daƙiƙa. Wannan ne ya sa ba za ka sa bolt 9 na DC a madadinsa ba. Ninkawar ba za ta yiwu ba, agogon kuma zai tsaya, sai wasu manhajoji da wasanni su rikice.

Ita ma cajar, ko a ɓangaren bolt 5 ɗin, ba kowace ba. Ta arha tana rubuta amfiya 2 a jiki, a ɗora mata ɗaya ta durƙusa. Tana kuma da dattin wuta da za ka gani a matsayin layi-layi a hoto, ka ji shi yana tsiwa a lasifika. Araha ba ta ado.

In zan sayi sabo, me zan duba?

Akwai ƙananan masu ƙerawa a Turai da Amurka da Ostareliya da suke yin sababbi musamman don Commodore 64. Duba ya kasance an rubuta ƙarara cewa yana ba da bolt 5 na DC, amfiya 2 ko fiye, da bolt 9 na AC, amfiya ɗaya. Ya kasance na bolt 230 ne, yana da fiyus, yana da kariyar da ke yanke wuta idan bolt 5 ya haura. Ka kula da tallan da ke cewa "sabo ne, ba a taɓa amfani da shi ba" alhali na asali ne tun shekarun 1980. Kafasita yana tsufa ko yana kwance a kwali.

Na asalin amfiya 1.5 ne ko 1.7. Idan na sa mai amfiya 3 ba zai ƙona ta ba?

Ba zai ƙona ba. Bolt ne ake tura wa kwamfuta, amfiya kuwa ita ke jan abin da take buƙata. Mai amfiya 3 yana nufin yana da rara, zai yi aiki ba tare da ya jigata ba. Kamfanin da kansa, da ya fitar da ƙarin RAM mai lamba 1764, sai da ya haɗa shi da akwatin wuta mafi ƙarfi, don na asalin ba zai ɗauka ba. Yau ma mutane suna jona katirij na zamani da na'urar karanta katin SD, duk daga layin bolt 5 suke sha.

Abu ɗaya dai: mai ƙarfi sosai, idan wani abu ya haɗe a cikin kwamfuta, zai iya tura wutar da za ta ƙona layin fanel kafin ya ja da baya. Sa fiyus a layin bolt 5, kamar na amfiya 2.

Kuɗin aikowa daga waje ya fi kuɗin akwatin. Zan iya haɗa nawa?

Za ka iya, kuma wannan ce hanyar da na fi ba wa wanda ke nan shawara, da sharaɗin ya saba da aikin wutar gida ko ya kai wa wanda ya saba. Bolt 230 yana kisa. Ƙaramin injin bolt 5 na zamani kuma yana da kafasita da ke riƙe sama da bolt 300 a cikinsa, har bayan an zare filogi.

Abu biyu ake haɗawa a akwati ɗaya. Na farko injin bolt 5 mai nagarta. Wanda masu wannan harka suka fi amfani da shi shi ne Mean Well RS-15-5: amfiya 3, yana karɓar wuta daga bolt 85 zuwa 264, yana da ɗan sukurun daidaitawa kusa da inda ake ɗaura wayoyi. Na biyu taransifoma zalla, 230 zuwa 9, mai amfiya ɗaya ko ɗan fiye. Ka tabbata taransifoma ce tsirara ko adaftar da aka rubuta AC a wajen fitarta, domin yawancin adaftocin kasuwa masu bolt 9 na DC ne.

Ga inda ake yawan yin kuskure. Wayoyin AC biyun nan kada ko ɗaya ta taɓa giraun na bolt 5. Su tafi su kaɗai daga taransifoma zuwa fil nasu biyu. Mai gyaran da ya saba da rediyo yana iya ganin ya dace ya haɗa ɗaya da giraun don rage waya. Faɗa masa tun farko kada ya yi. Idan an gama, sa mita a wajen ƙara ka gwada tsakanin kowane fil na AC da giraun, akwatin yana zare daga bango. Bai kamata mita ta yi kuka ba.

Wayar da za ta kai bolt 5 ta zama mai kauri, kada kuma ta yi tsawo. Siririyar waya tana cinye wuta a hanya, ka ga 5.0 a akwati, a cikin kwamfuta 4.7. Wayar tsohon akwatin da filoginta, in ba su tsattsage ba, ana yankowa a yi amfani da su, amma bi kowace waya da mita ka san fil ɗinta, kada ka yarda da launi. A ɓangaren wutar gida a sa fiyus da makunni, a ɗaura wayar at a jikin ƙarfen injin, a ɗaure wayoyin yadda ko an fizga ba za su tsinke daga ciki ba. Akwatin ya samu ramukan shan iska.

Daga nan sai gwajin rezisto. Idan ya wuce, jona kwamfuta, kunna, ka auna a jikinta. A ƙofar baya mai faɗi da ake kira User Port, layi na 1 giraun ne, na 2 bolt 5, na 10 da 11 kuma AC. Layukan suna kusa da juna, ka yi hattara da tsinke. Juya sukurun kaɗan-kaɗan har ka ga 5.0 ko 5.05 a can. A nan lambar take da muhimmanci, ba a bakin akwati ba.

Na ji ana maganar wata 'yar na'ura da ake sawa tsakanin akwati da kwamfuta.

C64 Saver ake kiran irinta. Tana sa ido a kan layin bolt 5, da ya haura kamar 5.4 sai ta yanke. Tana da amfani, har da sabon akwati ma ba laifi a sa. Amma ni ban yarda a saye ta don a ci gaba da amfani da tsohon akwati ba. Ba ta gyara kafasitan da ya bushe, ba ta tace dattin wuta, kuma kuɗinta ya kama hanyar kuɗin haɗa sabo.

Ina da akwatin wata tsohuwar kwamfutar, filoginsa ya shiga daidai. Zai yi?

Kama da wane ba ta wane. Atari 800XL da 'yan uwanta suna da filogin DIN mai fil bakwai, amma bolt 5 kaɗai suke ci. Ka sa wa Atari akwatin Commodore, ka tura mata AC inda ba ta tsammani, ta ƙone. Commodore 128 da Amiga 500 kamfani ɗaya ya yi su, filoginsu mai kusurwa huɗu kamarsu ɗaya, amma na 128 yana ɗauke da bolt 9 na AC, na Amiga kuwa 12 ne da 12 na negatif. Ko ZX Spectrum ta kamfanin Sinclair, mai ɗan filogi irin na adaftar yau, tsakiyar filoginta negatif ce, akasin yawancin adaftocin kasuwa. Commodore VIC-20 ta baya mai soket ɗin DIN ita ce ke cin wuta iri ɗaya da Commodore 64, kuma tsohon akwatinta yana da irin wannan ciwo.

Idan kana da kwamfutoci fiye da ɗaya, rubuta sunan kowace a salatif ka manna a filoginta.

Tawa daga Amurka ta zo, akwatinta na bolt 117 ne.

Kada ya kusanci soket ɗinmu. Kada kuma ka wahalar da kanka neman taransifomar sauke wuta don tsohon akwati. Kwamfutar ba ta san wutar bango ba, 5 da 9 kaɗai ta sani, kuma iri ɗaya ne a ta Amurka da ta Turai. Sabon akwati na 230 zai tashe ta.

Bambanci biyu za ka gani. Agogon nan na 6526, a manhajar da ke tsammanin bugu 60 ta samu 50, zai riƙa ja baya, minti goma a kowace awa. Manhajoji kaɗan ne abin ya shafa. Na biyu hoto: ta Amurka NTSC ce, tsarin hoton talabijin na can, sai talabijin da ke karɓarsa, in ba haka ba ka ga hoto ba launi. Wannan daga IC ɗin hoto yake, sauya akwatin wuta ba ya taɓa shi. Waɗanda suka fito daga Ingila da Jamus, inda kamfanin ya yi masana'anta a Corby da Braunschweig, tsarin hoton PAL ne da bugu 50, sun dace da mu.

Wutarmu ba ta tsayawa wuri ɗaya. Janareta da inbata fa?

Injin bolt 5 na zamani bai damu sosai ba, tunda yana karɓar faɗin nan daga 85 zuwa 264. Taransifoma ce ke bin wutar gida sau da ƙafa. Idan wuta ta sauka daga 230 zuwa 180, bolt 9 ya koma kamar 7, daga nan bolt 12 na ciki ya kasa tsayawa, hoto ya fara rawa, sauti ya yi gurnani. Ƙaramin sitabilaiza yana magance wannan.

Inbata mai tsabtatacciyar wuta, irin wadda firji da fanka ba sa kuka a kanta, ita ce mafi alheri, ta ma fi wutar gari. Ta arha kuwa tana sa taransifoma ƙugi da zafi. Ƙaramin janareta shi ne na ƙarshe a zaɓi: bugunsa yana hawa da sauka duk lokacin da aka kunna wani abu a gidan, kuma sa'ad da mai ya kusa ƙarewa yana shaƙewa, wutar tana tsalle. In ba makawa, a bi ta sitabilaiza, a kashe kwamfuta kafin a kashe janareta.

Idan aka ɗauke wuta, zare filogin daga bango, domin dawowarta ce ke ɓarna. Makunnin da ke jikin kwamfuta ba ya kashe akwatin, yana nan yana ci muddin yana jone. Filogin DIN kuma a sa shi ko a cire shi akwatin yana zare daga bango.

Na sa sabon akwati, fitila ta kama, amma hoto baƙi ƙirin.

Fara da mai sauƙi. Fitilar bolt 5 kaɗai take shaida. A kan fanel, kusa da inda wuta ke shiga, akwai fiyus na gilashi a layin bolt 9. Ciro shi ka gwada da mita, ido yana ruɗi. In ya tsinke, sa mai lamba irin wadda aka rubuta a jikinsa, ba waya ba, ba takardar sigari ba. Duba ƙarfen da ke riƙe shi, yakan yi tsatsa ko ya saki.

Sai makunni. Cikinsa yakan yi datti ya riƙa cinye wuta, ka ga 5.1 kafin makunni, 4.6 bayansa. Feshin wanke makunni da kunnawa da kashewa sau da yawa, ba wuta, yakan dawo da shi. In ya ƙi, a sauya.

Idan wutar duka biyu suna isa daidai amma har yanzu baƙi, to mai yiwuwa tsohon akwatin ya riga ya yi ɓarnarsa. Kunna na rabin minti, ka kashe, ka bi ƙwayoyin RAM da bayan yatsa. Lafiyayyu ɗumi-ɗumi suke. Wadda ta haɗe a ciki za ta ƙona ka. VIC-II da SID da PLA dama masu zafi ne, kada wannan ya ruɗe ka. Akwai katirij na gwaji mai suna Dead Test, lamba 781220, wanda ke walƙa hoton sau adadin da ke nuna wace RAM ce ta mutu. RAM da PLA duk ana samun madadinsu.

Lafiyayyar kwamfuta tana tashi da shuɗin hoto da rubutun 38911 BASIC BYTES FREE. Idan lambar ta gaza haka, ko haruffa suka fito a hargitse, RAM za a fara tuhuma.

Me zan yi da tsohon akwatin?

In kana son ajiye shi don kayan su cika, yanke wayar bangonsa, yadda wani yaro ko wanda zai gaji kayan ba zai jona ba. In za ka sayar da kwamfutar, gaya wa mai saye gaskiyar abin da ke cikin kwalin.

Sauran kwamfutocin zamanin, masu wuta a ciki, su ma haka ne?

Ciwonsu daban. BBC Micro ta kamfanin Acorn, wadda ta fito a 1981 ta cika makarantun Ingila, da Apple II, injin wutarsu a cikin jikin kwamfuta yake. Abin da ya fi damunsu ƙananan kafasitocin tace wutar gida ne na kamfanin RIFA, masu kusurwa huɗu, launin zuma, ana hango cikinsu. Jikinsu yana tsattsagewa da tsufa, danshi ya shiga, sai wata rana a ji fat, farin hayaƙi mai wari ya turnuƙe ɗaki. Abin tsoro ne a ido, amma yawanci kwamfutar tana tsira. Ana ciro su a sa sababbi masu alamar X2, ko Y inda na Y yake, daidai da lambar tsohon, kafin a fara kunnawa. Kafasita na gama-gari ba ya zama a wannan gurbi, domin kai tsaye yake kan wutar gida. A BBC Micro akwai kuma ɗan ƙaramin kafasita na tayar da injin, wanda idan ya bushe kwamfutar take ƙin tashi, shi ma a sauya shi tunda an riga an buɗe.